Noreen Ta Koyi Nutso

Wiarton,
Tsakiyar Mayu, 1993.

Zuwa ga maigidana Garnet, Baban Colleen,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar ni. Yaya aiki, yaya ruwa, yaya gwiwar nan taka? Ka gaishe min da mutanen jirgi, musamman mai dafa muku abinci, ka ce na ce ya rage maka gishiri. Mu nan lafiya lau. Na ce "mu" ne don sabo, ni ce dai da rediyo. Colleen ta bugo waya daga Calgary ran Lahadi, ta ce aiki ya yi mata yawa, da wuya ta samu zuwa bana. Na aika wannan Thunder Bay tunda can kuke lodin alkama, Allah ya sa ta riske ka kafin ku tashi.

Ina da labari, amma kada ka yi min dariya. Na shiga ajin koyon nutso.

Na san abin da za ka ce. Mace ta haura hamsin, wadda ko a bakin tabki ba ta yarda ruwa ya wuce mata ƙugu. To na shiga. Tun da abokinka Murdo ya koma gabas ka daina zuwa nutso a Tobermory, ka ce ba ka da wanda za ku sauka tare. Shekara da shekaru ina zaune a kwalekwale da shayi a fulas, ina kallon kumfar numfashinku tana tasowa. Na ce idan na samu katin shaida kafin hutunka na Agusta, sai ka samu abokin sauka a cikin gidanka.

Malamin ka san shi, Aurele Lachance, wanda yake cika maka tukunyar iska a da. Ya tsufa, amma bakin yana nan. Duk Talata da yamma idan na tashi daga kantin magani sai in tuƙa zuwa Owen Sound, mu yi karatu a aji sannan mu shiga wurin iyo na makarantar sakandare. Ranar farko ya tsaya a gabanmu ya ce, "Ba a shiga ruwa mutum ɗaya. Kowa ya kama abokinsa." Baban Colleen, kafin in juya kowa ya kama. Duk yara ne, ga ’yan kwaleji, ga wasu sababbin aure. Na tsaya riƙe da jakata kamar wadda aka manta a tasha. Sai ga wata ƙatuwar mata ta shigo a makare tana haki, ta dube ni ta dubi ajin ta ce, "To, ni da ke muka yi kwantai ke nan." Sunanta Verna Tuck, motar ’yan makaranta take tuƙawa a Lion's Head. Ta ce wadda ta iya da ihun yara cike da mota, ruwa ba zai gagare ta ba.

Karatun ya fi abin da na zata. Ashe iskar da muke yawo a cikinta ma nauyi gare ta, kuma idan mutum ya sauka ƙafa talatin da uku cikin ruwa, nauyin da ke danne shi ya ninka biyu. Duk iskar da ke jikinka sai ta matse ta koma rabi. In kana tasowa kuma sai ta kumbura. Aurele ya sauka ƙasan wurin iyon da balan-balan, ya hura shi tam daga tukunyarsa, ya ɗaure ya saki. Muna kallo yana tasowa yana girma, kafin ya iso sama ya fashe. Ya fito ya tsinci guntun robar ya ɗaga ya ce, "Huhun wanda ya riƙe numfashi ke nan. Ku manta sunana, ku manta ranar aurenku, amma kada ku manta wannan. Kome ya faru a ƙasa, ku ci gaba da numfashi." Verna ta ce ranar aurenta kam ta daɗe da mantawa, saura sunansa.

Da na dawo gida na tarar na bar fitilar waje a kashe. Na ci miyar dankali a tsaye, na karanta babi na biyu da ƙarfi don in ji murya a ɗakin.

Ka rubuto ko layi biyu ne. Ka gaya min ranar da za ka sauka a Agusta.

Taka har kullum,
Noreen.

Wiarton,
Ƙarshen Yuni.

Maigida,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kana lafiya, aiki kuma da sauƙi. Katinka mai hoton gada ya iso, na gode. Na karanta shi ya fi a ƙirga, ko da yake ba shi da tsawon da zai gajiyar da mutum. Ka ce "ki yi hankali da kunnenki." Na ji. Amma ba ka ce kome ba a kan Agusta, ko wurin rubutun ne ya ƙare?

Gida lafiya. Rufin bayan ɗaki ya fara yoyo, na sa bokiti. Furannin da ka dasa a bakin ƙofa sun fito, har sun fara zubewa ba ka gani ba.

Na kusa barin ajin nan makon jiya. An zo wurin da mutum zai cire gilashin fuskarsa a ƙarƙashin ruwa, ya mayar, ya fitar da ruwan da hanci. Ina cirewa ruwa ya bugi hancina, sai kaina ya ce min tashi. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai ga ni a sama ina tari, hanci na zuba, yaran nan suna kallona da tausayi. Tausayin ya fi tarin ciwo. Aurele bai yi faɗa ba. Ya ce, "Uwargida, nan ƙafa huɗu ne, kin tashi kin tsira. A tabki in kika yi haka, motar asibiti za ta kai ki gida. Iska tana bakinki, ba a idonki take ba. Me ya kore ki?"

A wurin canza kaya na ce wa Verna na gama. Ta ce, "Kin gama me? Ki bar ni da wa? In kin tafi da wancan yaron mai ɗan kunne za a haɗa ni, wanda ko ɗamararsa ba ya iya ɗaurewa. Ba ki isa ba." Ran Asabar ta zo har gida, ta cika kwanon wanke-wanke da ruwan sanyi, ta sa ni na dinga tsoma fuska ina shaƙa ta bututu, ita kuwa tana zaune a kujerarka tana cin biskit ɗina tana ba ni labarin mijinta da ya rasu. Tun da ka tafi ba wanda ya zauna a kujerar nan. Na ji wani iri, amma ban ce ta tashi ba.

Yanzu ina cirewa in mayar ba gargada. Na iya toshe hanci in hura a hankali har kunne ya buɗe, kuma an ce a fara tun kafin a ji zafi, in ya ƙi buɗewa a ɗan taso, kada a matsa. Na iya daidaita iskar falmaran ɗina, rigar nan da ake hura wa iska, har in tsaya a tsakiyar ruwa, ba sama ba ƙasa. Mun yi karatun iskar nan da ke narkewa cikin jini idan an daɗe a zurfi. Aurele ya girgiza kwalbar lemo ya buɗe ta farat ɗaya, ta wanke wa amaryar nan ta ajinmu riga. Ya ce haka jini yake yi wa mai gaggawar tasowa. Ya ɗauko wata ya buɗe a hankali, ko ɗigo bai zuba ba. A jarrabawar rubutu tambaya ɗaya kawai na faɗi. Na fito da takardar a hannu ina ta murmushi, sai da na isa mota na tuna ba wanda zan nuna wa.

Saura gwajin tabki, ƙarshen Yuli a Tobermory. In na ci, kana saukowa ka tarar da katin shaidata.

Baban Colleen, zan faɗi wata magana, kada ka ɗauke ta da zafi. Hutunka na hunturun da ya wuce, wata uku muna gida ɗaya, amma in aka tara maganar da muka yi ba za ta cika wannan takarda ba. Ban ce laifinka ba ne. Na dai ga a ƙarƙashin ruwa ba a bukatar magana, hannu kawai ake ɗagawa a tambayi mutum ko lafiya, shi ma ya ɗaga. Na ce wannan kam za mu iya.

Ka huta lafiya. Allah ya tsare hanya.

Matarka,
Noreen.

Wiarton,
Farkon Agusta.

Baban Colleen,

Ina gaishe ka. Ina fata kana lafiya. Ni da sauƙi, kada ka tayar da hankalinka da abin da za ka karanta, ya riga ya wuce. Ina rubutu ne a kwance ta gefen dama, shi ya sa layin ya karkace.

Ban ci gwajin ba.

Ana saura ’yan kwanaki mura ta kama ni. Na san dokar sarai, tana cikin littafi, kuma Aurele ya faɗa ya maimaita: mai mura ba ya nutso, don hanyar da iska ke bi zuwa kunne a toshe take. Amma ya ce wanda ya rasa wannan gwajin sai ƙarshen Satumba, lokacin kuwa hutunka ya wuce. Na ɗauki maganin buɗe hanci a kantinmu na sha. Da safen da Verna ta ɗauke ni ta ce, "Muryarki fa?" Na ce sanyin safiya ne. Da Aurele ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko akwai mai mura, na dubi ƙasa na girgiza kai.

Ruwan ka san shi, garau kamar gilashi, sanyi kuwa har cikin haƙori. Muka kama igiya muka fara sauka, ni da Verna fuska da fuska. Kunnen dama ya buɗe. Na hagu ya ƙi. Na hura, ya ƙi. Abin da aka koya min shi ne in tsaya, in ɗaga hannu, in taso kaɗan. Sai na leƙa ƙasa na ga sauran har sun durƙusa a kan yashi suna jiranmu, na ce bari in ƙara kaɗan, wataƙila ya buɗe da kansa. Zafin ya zama kamar ana soka min ƙusa. Verna ta tambaye ni da hannu ko lafiya. Na ce mata lafiya.

Sai na ji wani ɗan ƙara a cikin kaina, zafin ya ɗauke gaba ɗaya, har na ji daɗi. Daga nan ruwan sanyi ya shiga kunnen, duniya ta kama juyawa. Garnet, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Na rasa ina ne sama ina ne ƙasa. Igiya ta kuɓuce min. Yashi ya koma bisa kaina, hasken rana ya koma gefe, cikina ya taso. Ba abin da nake so sai in tofar da abin shaƙar iskar da ke bakina in harba ƙafa in gudu, ban ma san inda zan gudu ba.

Verna ce ta cafke ni. Ta damƙi falmaran ɗina da hannu ɗaya, ɗayan ta danne abin shaƙar a bakina, ta manna gilashinta a nawa har ba na ganin kome sai idanunta. Tana fitar da kumfa a hankali tana gyaɗa min kai, wai in bi ta. Na bi. Na shaƙa, na fitar. Na yi amai a cikin abin shaƙar, ta hana ni cirewa, ya fita ta gefe, iska ta ci gaba da zuwa kamar yadda aka gaya mana a aji. Aurele ya iso ya mayar da hannuna kan igiya, suka taso da ni a tsakiyarsu sannu sannu, ni kuwa ji nake kamar shekara muke yi. Da muka fito Verna ta tofar da abin shaƙarta ta ce, "Don ubanki, Noreen! Na tambaye ki kika ce lafiya!" Sai ta fashe da kuka. Ban taɓa zaton matar nan tana kuka ba.

Aurele bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. A kwalekwale ya lulluɓa min bargo ya ce, "Kunnenki naki ne, ki yi yadda kika so da shi. Amma da kin harba sama, Verna za ta bi ki don ta riƙe ki. Huhunta fa, shi ma naki ne?" Har muka iso gaɓa ban iya duban Verna ba.

Likita ya ce dodon kunnen ne ya ɓule, zai haɗe da kansa cikin wata biyu in ban bar ruwa ya shiga ba. Ma'aikaciyar jinya ta ce wa za a kira ya zo ya ɗauke ni. Na ce mijina yana kan ruwa, amma ofishin jirginku a Thunder Bay za su iya kai masa saƙo. Ta je ta bugo, ta dawo tana gyara min matashi ba ta dube ni ba. Ta ce sun ce ka ɗauki hutunka tun farkon Yuli, kana can cikin garin Thunder Bay, sun ba da wata lamba. Ta ce ta kira, wata mata ta ɗauka ta ce ka fita sayen kifi.

Na ce mata ta bar shi, ƙawata tana waje.

Ba zan tambaye ka kome a takarda ba. Ina gida. Kunne ɗaya nake ji da shi yanzu, gidan ya ƙara yin shiru. Wayar tana gefen gado ta ɓangaren kunnen mai lafiya.

Noreen.

Wiarton,
Oktoba.

Garnet,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi yanzu da sanyi ya fara. Doguwar wasiƙarka ta iso tun Agusta. Ita ce mafi tsawo da ka taɓa rubuto min tun muna saurayi da budurwa. Na daɗe ban amsa ba don ban san da wane suna zan kira ka ba.

Na fahimci abin da ka ce. Ka ce ba jiya abinku da matar nan ya fara ba, kuma ka rasa bakin gaya min. Na yarda. Na gaya wa Colleen da kaina a waya, ta ce za ta zo Kirsimeti. Ka kira ta, kada ka jira ta kira ka. Maganar gida da ka tambaya, ina nan a cikinsa. Na sa an gyara rufin.

Watan Agusta bai yi min daɗi ba, ba zan ɓoye maka ba. Ina zuwa kanti, in dawo, in zauna a mota a ƙofar gida na rasa dalilin shiga. Verna ta yi mako biyu ba ta neme ni ba, kuma tana da gaskiya. Ni na je har Lion's Head na same ta tana wanke motar makaranta. Na ce na zo ba da haƙuri. Ta miƙo min soso ta ce, "Fara daga baya, can yaran suke manna cingam." Da muka gama ta gaya min ita ma ba ta ƙarasa gwajin ba. Aurele ya ce zai haɗa ta da wani washegari, ta ce a'a, abokiyarta tana jinya. Na ce, "Bayan abin da na yi miki?" Ta ce, "Ke dai kin riga kin yi haukarki kin gama. Sabo kuwa ban san irin tasa ba." Amma ta sa na rantse cewa in ta sake tambayata da hannu, gaskiya zan faɗa mata ko da gwajin zai lalace.

Likita ya leƙa kunnen a ƙarshen Satumba ya ce ya haɗe. Aurele ya sa na kawo masa takardar likitan, ya kuma sa na sake karanta babin kunne a gabansa kamar ’yar firamare. Muka koma Tobermory, baƙi duk sun watse, shagunan bakin ruwa a rufe, mu uku kawai a kwalekwale da mai tuƙi. A saukar farko kunnen ya ɗan yi gardama. Na tsaya, na nuna wa Verna, muka taso kaɗan, na haɗiyi yawu, ya buɗe. Abin da ya kamata in yi ke nan a Yuli, bai fi ƙiftawar ido ba. Na cire gilashi na mayar a cikin ruwan da ya sa goshina ciwo. Na ba Verna iskata, ta ba ni tata. Muka yi kwana biyu muna abin da aka ce, ba wanda ya yi gaggawa.

A saukar ƙarshe Aurele ya kai mu wurin tsohon jirgin katakon nan da ke kwance a mashigar ruwa, wanda kai da Murdo kuka fi zuwa. Daga sama na san shi, wani duhu ne kawai a ƙarƙashin kwalekwale. Ashe haka yake. Katakon yana nan da ƙusoshinsa, har da wurin da igiya ta ci gefensa. Rana tana saukowa a tsaye tana yawo a kansa. Wani kifi ya fito daga cikin ramin kaya ya tsaya yana kallona, ni ma ina kallonsa. Na daidaita iskata na tsaya cak a bisa jirgin, ba abin da ke taɓa ni, ba na jin kome sai numfashina. Nauyin da na kwana da shi na tashi da shi tun Agusta, ban ce ya tafi ba, amma a wurin nan bai sauko tare da ni ba.

Da muka fito Aurele ya miƙo min hannu ya ce, "Uwargida, kin zama mai nutso." Verna ta ce ita fa, ko ita kifi ce? Muka ci soyayyen kifi da dankali a shago ɗaya da ya rage a buɗe, gashinmu na ɗiga a faranti.

A hanyar dawowa na yi ta tunaninka, ba da fushi ba. Duk shekarun nan kana fitowa daga wurin nan, in miƙa maka shayi in ce yaya ƙasan, ka ce "da sanyi." Na ɗauka ba abin gani ne. Yanzu na gani da idona, na kuma san ba abu ne mai sauƙin faɗa ba, don ni ma da Colleen ta tambaye ni a waya na rasa ta inda zan fara. Amma na gwada, Garnet. Na yi ta kwatanta mata har ta ce kuɗin waya, Mama. Kai ma da ka gwada, da na saurara.

Ka kula da kanka. Ka gai da mutanen jirgi.

Noreen.